Babel: Ranar da Tafintoci Suka Yi wa Daular Ingila Tawaye

Duk wanda ya taɓa yin tafinta ya san akwai abin da ke zubewa a hanya. Ɗauki kalmar "kunya" ka kai ta Turanci. Za ka samu wadda ta yi kusa da ita, amma kunyar uwa ga ɗan fari da kunyar suruki ba za su bi ka can ba. A kan wannan ɗan abin da ke zubewa R. F. Kuang, haifaffiyar ƙasar Sin da ta tashi a Amurka, ta gina littafinta Babel, wanda ya fito a 2022 ya kuma ci kyautar Nebula.

Marubuciyar ta ɗauki Ingila ta shekarun 1830 ta sauya mata abu guda. A duniyar littafin, ƙarfin daular yana cikin sandunan azurfa. Ana zana kalma a gefe ɗaya, fassararta a ɗaya gefen, sai ma'anar da ta ɓace tsakaninsu ta zama aiki a zahiri: jirgin ruwa ya ƙara gudu, gada ta tsaya da ƙafarta. Sharaɗin shi ne mai furta kalmomin ya san harsunan biyu har cikin ɓargo. Da harsunan Turai suka fara kama da juna, ƙarfinsu ya ragu, sai daular ta shiga farautar yara masu baƙin harsuna.

Haka Farfesa Lovell ya ɗauko Robin Swift daga Kanton ta ƙasar Sin bayan kwalara ta cinye danginsa, ya horar da shi, ya kai shi hasumiyar fassara ta Jami'ar Oxford. Can ya haɗu da Ramy, Musulmi daga Kalkata, da Victoire 'yar asalin Haiti, da Letty Baturiya.

Abin da ya fi kama ni shi ne Kuang ba ta ɓoye daɗin Oxford ba. Robin yana son ɗakin karatun, yana son hirar dare da abokansa, yana son a ce da shi malami. Shi ya sa ranar da aka kai shi Kanton tafinta, ya ga ana shirin amfani da harshen uwarsa don tilasta wa mutanensa sayen ofiyom, zafin ya isa har zuciyar mai karatu. Lin Zexu, jami'in Sin da Robin ya gana da shi a can, mutum ne na tarihi, wanda ya lalata ofiyom ɗin 'yan kasuwar Ingila a 1839. Daga nan labarin ya rikiɗe zuwa kisa da cin amana da yajin aikin da ya girgiza Landan, yana tambayar ko azzalumi na sakin abin hannunsa da lallami.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan labari. A 1855 mai yawon bincike Heinrich Barth ya kai wani yaro Bahaushe, Dorugu, Ingila, kuma daga bakinsa masanin harshe J. F. Schön ya kwashi Hausa mai yawa kafin ya fitar da ƙamusunsa a 1876. Ina karanta Robin, Dorugu na faɗo mini a rai.

Littafin yana da rauninsa. Bayanan ƙasan shafi kan maimaita darasin da labarin ya riga ya koyar, kuma yawancin Turawan ciki fuska ɗaya gare su. Sai dai wannan bai hana ni kwana biyu ina juyayin Ramy ba.

Ina ba malaman harshe da masu fassara a gidajen rediyonmu shawarar su neme shi. Fatana wata rana a samu gwanin da zai mayar da shi Hausa, mu ga abin da zai zube a hanya da abin da harshenmu zai ƙara masa.