Jika Goma Sha Takwas a Bakin Faranti

Wani abokina ɗan Yamai ne ya tsokano wannan rubutu. Ya zo taron ɗalibai na kwana uku a jami'armu ta Ɗan Dikko Ɗankulodo, ranar komawarsa na raka shi tasha. Yana saɓa jaka ya ce mini: "Garinku akwai kuɗi, amma ba wurin cin abinci. Kwana uku daga tuwo sai shinkafa da wake. Ko gidan abincin ƙasashen waje guda ba ku da shi." Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a wuya. Abin mamakin, ni ba ma ɗan Maraɗi ba ne. Daga Kanambakashe na fito, can ƙasar Mayahi, inda in ka ce "restoran" sai tsoho ya tambaye ka ko sunan magani ne. Duk da haka na ji kamar gidanmu aka zaga. Garin da ƙidayar 2012 ta ba mutum sama da dubu 260, garin alhazai, a ce ba shi da tukunyar baƙi ko ɗaya?

To, gani ya kori ji. Na ɗauki wata huɗu ina bin gidajen abinci, kuma na kashe jika goma sha takwas. Kuɗin daga waken da Baba ya sayar ya aiko mini ne don sayen takardu, shi ya sa nake ganin dole in yi lissafi a bainar jama'a. Ba zan kama sunan gidan kowa ba, mai shi ya san kansa.

Tun farko in amsa tambayar da na san za a yi mini: kai da ba ka taɓa taka Dakar ko Bairut ba, da wane harshe za ka yi alƙalanci? Gaskiya ne. Don haka na riƙe ma'auni uku da ko baƙauye zai iya aiki da su. Wa ya dafa? Su wa ke ci? Kayan daga ina suka fito?

Na fara da babban wuri, wani otel mai kilim da farin ƙyalle bisa tebur. Allon ƙofa ya yi alkawarin girkin Afirka da na Turai da na Asiya, wato nahiya uku cikin madafa ɗaya. Takardar jerin abinci shafi huɗu ce. Na nuna na farko, yaron ya ce babu. Na biyu, ya ƙare. Na uku, ya leƙa madafa ya dawo yana sosa ƙeya: "Yallaɓai, sai dai in an yi oda tun jiya." A ƙarshe aka kawo mini tsokar sa da soyayyen dankalin Turawa, da ganyen salati guda biyu da suka yi laushi, da tulin mayonez. Naman ya yi tauri har wuƙar ta koma zare. Jika bakwai da rabi, har da lemun kwalba. Da kuɗin nan mahaucin bakin babbar kasuwa zai ba ni balangun da zai ishi ɗakinmu gaba ɗaya, kuma nasa ya fi laushi.

Ban ga laifin mai dafuwa ba. Girkin da ke cikin takardar nan yana son cukun Turai da kifin teku da sanyin firigo wanda ba ya yankewa. Mu kuwa wutarmu ta layin Katsina take zuwa, kuma kowa ya tuna yadda aka yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Iyakar Binin da ta rufe ta sa kayan da a da ke zuwa daga Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina. A haka wa zai ajiye kifin teku yana jiran ɗalibi ɗaya? Laifin yana ga alkawarin. Gidan ya rubuta abin da ya san ba zai iya ba, don ya san masu zuwa ba abinci ya kawo su ba. Na duba teburan: ƴan furoje ne da masu taron bita, kowa da takardar taro rataye a wuya, kuma ba daga aljihunsu kuɗin ke fita ba. Wanda bai biya ba ai ba ya ƙorafi, shi ya sa girkin bai da dalilin gyaruwa. Abin da ake saye a nan sanyin ɗaki ne da a gan ka.

Na biyu, gidan shawarma, inda samari da ƴan mata ke cika bayan isha'i. Shawarma abincin ƙasar Sham ce, Kwarori ƴan Labanon suka yaɗa ta a biranen Afirka ta Yamma. A can miyar riɗi ake zuba mata, da tafarnuwa, da ɗan tsami. A nan an naɗe mini kaza da kabeji cikin mayonez da jan tumatirin kwalba mai zaƙi kamar alewa, har burodin ya jiƙe ya yage a hannuna. Na koma karo na biyu don kada in yi zalunci, na tarar haka abin yake. Na tambayi mai yankawa ko suna da ta riɗi, ya dube ni ya ce: "Riɗi kuma, abokina? Ai wanga abincin Turai ne." Wallahi abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni haushi. Riɗin nan a gonakinmu ake noma shi, a loda a mota a fitar da shi waje, mu kuma mu sayo mayonez na gwangwani mu zuba inda ya kamata a sa shi. Mun ɗauka duk abin da ya fito daga ƙasarmu zai rage wa abinci daraja. Jika uku suka tafi nan.

Na uku ba shi da allo. Wani direban babbar mota ne ya kwatanta mini: rumfar kwano bayan wani shagon ɗinki, benci uku, da wata mata ƴar Senegal da kowa ke kira Tanti. Abu ɗaya take dafawa a rana. Ranar da na fara zuwa ceb ne, shinkafa da kifi irin ta Sanluwi, wadda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2021. Shinkafar ƙanana ce, karyayya, ta sha romon tumatir har cikinta, kowace ƙwaya a warware. Kifin an tsaga shi an cusa masa dakakken ganye da tafarnuwa da barkono. Gefe ga rogo, ga kabeji, ga gauta mai ɗaci, ga ɗan miyar tsamiya, sannan ta kankaro ƙanzo ta ɗora a kai. A nan na fara sanin cewa akwai ƙasar da ake ba baƙo ƙanzo don girmamawa.

Na ce mata: "Tanti, haka yake a gida?" Ta ce: "A'a, ɗana. Kifin gida na teku ne, wannan na kwali ne daga firigo. Busasshen kifin da ke ba shi ƙamshi kawai nake sa a kawo mini ta mota. In ya ƙare ba na yin ceb, sai in yi yasa." Wannan amsa ta fi shafi huɗun otel daraja a wurina, don ta gaya mini iyakar abin da za ta iya. Masu ci kuwa teloli ne da maƙeran zinariya ƴan ƙasarsu, mutanen da in ta yi ha'inci za su gane tun loma ta farko. Ita ma ba ta kuɓuta daga suka ba: mai ya yi yawa har yana kwanciya a gindin faranti, dunƙulen Maggi ya so ya danne kifin, kuma in ka wuce ƙarfe biyu sai dai ka lashi murfi. Amma jika ɗaya ne, kuma sau huɗu na koma.

Wani abu game da shinkafar nan ya shafe mu. Turawan Faransa sun sa manoman Senegal noman gyaɗa, suka riƙa kawo musu karyayyar shinkafa daga Indocin don cike gurbin hatsi. Gyaɗar nan dai ita ce ta gina Maraɗi da alhazanta zamanin mulkin mallaka. Ashe ni da Tanti tarihi guda ya dafa mu.

Kusa da tasha na sami mai aceke, garin rogo mai ɗan tsami na Kodebuwa, wanda shi ma UNESCO ta karɓa a ƙarshen 2024. Dala ɗari faranti, da soyayyen kifi da yankakkiyar albasa. Sau biyu ya yi daɗi, sau ɗaya ya bushe kamar tsaki, don ranar na leda ta jiƙa, sabo bai iso ba. Ta faɗa mini kafin in biya, kuma wannan ma ina lissafa mata shi cikin alheri. Sai wata Bayarbiya mai amala da miyar agushi, jika ɗaya, yaji har sai da na yi hawaye. A nan ma'aunina ya ɗan rikice. Tuwon Katsina a wata ƙasa ake tuƙa shi, ta bayan Ɗan Isa, amma ba wanda zai kira shi abincin waje. Amala daga ƙasa ɗaya da shi ta fito, ga ta baƙuwa sosai. Ashe iyakar da ke cikin taswira daban, wadda ke kan harshe daban.

Ina cikin wannan yawo ne na lura da teburin da nake zama kowace safiya ban taɓa ƙirga shi ba, na mai shayin ƙofar jami'a. Ku duba abin da ke kai. Burodi dogo, gadon Faransa. Ganyen shayi daga Sin. Nescafé da Maggi, duka asalinsu Suwis. Indomie ta Indonesiya, wadda ake yi a Najeriya ta ƙetaro mana. Albasar Galmi, da ƙwan zabi daga ƙauyukanmu in damina ta yi. Nahiya ukun da otel ya yi alkawari ga su nan an cika, kan dala ɗari, ba allo, ba farin ƙyalle. Na ce masa: "Malam, ka san kai ne mai gidan abincin duniya a garin nan?" Ya ce: "Mi ka ce? Biya na jiya tukuna."

Da na je hutu gida na ba Inna labari tana tankaɗe. Ina ta yi mata burgar karatu: tumatir da barkono da gyaɗa da rogo da masara duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492, zogalen da take sa wa dambu kuma asalinsa Indiya. Na ce mata miyarta ma ta ƙasashen waje ce, daɗewa kawai ta yi har ta zama ƴar gari. Ta bar ni na gama, sannan ta ce: "Kai ai tun kana shekara uku ka ci abincin Nasara." Ta tuna mini 2005, shekarar da fara da ƙarancin ruwa suka bar rumbuna wayam, aka yi ta kai dubban yara cibiyoyin tamowa a jihar Maraɗi. Ina cikinsu. Abin da ya tashe ni kwaɓin gyaɗa ne da madara da sukari cikin ƴar leda, Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Gyaɗa ce, irin wadda kakana ya noma aka kai Turai, ta dawo mini da sunan Nasara. Na yi shiru. Ban ƙara yi mata lacca ba ranar.

Tun daga nan nake jin nauyin jika bakwai da rabin can. Ba ina cewa haramun ne mutum ya ci daɗi ba, ko ya so ɗanɗana na wasu. Ni ma ina so, kuma gari ba ya zama gari sai da baƙi. Abin da nake suka shi ne yadda muke auna abin. Mun mai da "abincin ƙasashen waje" suna na duk abin da ke da tsada, ana ci da cokali mai yatsu, kuma ba ya kama da na gida. Da wannan ma'auni Tanti ba ta cikin lissafi, alhali ita kaɗai ce cikin duka ta dafa mini abin da uwarta ta koya mata.

Ga mai neman tukunyar baƙi a Maraɗi, ko a kowane gari mai girmanta, ga abin da kuɗin Baba suka saya mini. Kada ka tambayi mai otel, tambayi direba da tela da ɗan kabu-kabu. Wurin da jerin abincinsa ya wuce biyar, yi hattara. Duba benci kafin ka duba tukunya: in ƴan ƙasar mai girkin na zaune suna ci, zauna. In mai abinci ta ce maka yau bai yi kamar na gida ba, riƙe ta da kyau. Kuma ka je da wuri.

Lissafi: otel bakwai da rabi, shawarma uku, Tanti huɗu, aceke ɗaya da rabi, amala ɗaya, kabu-kabu ɗaya. Na karanta wa Baba shi a zaure ban ɓoye komai ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce: "Ita matar da ta gaya maka gaskiya, in za ka koma ka kai mata tiya biyu ta wake." Na kai. Abokina ɗan Yamai kuma na aika masa cewa in ya sake zuwa ya iso kafin azahar, ya zo da jika ɗaya, kuma ya shirya zama a benci.