Yaron da ke Bayan Ƙyaure

Marubutanmu sun iya zana mashayi. A fim shi ne abin dariya, yana tangaɗi yana sambatu. A littafi kuwa sai ya kwashe babi goma yana jibgar matarsa, a na ƙarshe ya tuba, a rufe labari. Yaron da ya laɓe bayan ƙyaure yana jin kukan uwarsa, ba mai waiwayarsa.

Ko Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, wanda a ganina ya fi sauran faɗin gaskiya kan zaluncin maigida, bai tsira ba. Alhaji Abdu ya kori Rabi mai ƴaƴa tara. Mun ga wahalar Rabi filla-filla, mun ga Saudatu ta samu miji mai hali. Ƙananan fa? Me suke ji in dare ya yi? Littafin bai daɗe a kansu ba.

Abin ya dame ni saboda aikina. A shirina na rediyo, masu kira kan irin wannan gida galibi gwaggo ce ko maƙwabciya, tambayarsu ɗaya: ina za mu kai yaron? A Nijar akwai alƙalin yara, akwai sashen ƴan sanda mai kula da ƙananan yara, akwai ma'aikatan kare yara. Ban taɓa karanta labarin Hausa da yaro ya taka ɗaya daga cikin ƙofofin nan ba. Kullum mai ceto kaka ce, ko wani Alhaji ya zo neman aure.