Sharhi Kan Jerin "Abokai Maciya Amana" Tsakanin Ingilishi Da Sifaniyanci

A shekarar 1928 waɗansu malamai biyu, Koessler da Derocquigny, suka buga littafi da Faransanci a kan kalmomin Ingilishi waɗanda suka yi kama da na Faransanci a fuska, amma ma'anarsu dabam. Sunan da suka raɗa musu ana iya juya shi da Hausa a ce "abokai maciya amana". Yanzu ya zama al'ada ga masu rubuta littattafan koyon harshe su jera irin waɗannan kalmomi domin gargaɗi. Nufin wannan takarda shi ne a auna irin jerin da a kan yi tsakanin Ingilishi da Sifaniyanci, a ga amfaninsa da kuma inda ya gaza.

Dalilin kamannin ba ɓoyayye ba ne. Sifaniyanci daga Latin ya fito. Ingilishi kuwa ya ari kalmomin Latin masu ɗimbin yawa, galibi ta hanyar Faransanci, bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066. Kalma guda ta rabu gida biyu, kowane reshe ya bi tafarkinsa. Shi ya sa "library" ɗakin karatu ne, "librería" kuwa kantin sayar da littattafai. "Embarrassed" wanda ya ji kunya ne, "embarazada" mace mai ciki. "Exit" ƙofar fita, "éxito" nasara. Bahaushe ya san irin wannan a gidansa. Daga kalma ɗaya ta Larabci Hausa ta sami "alƙali", Sifaniyanci ya sami "alcalde" tun zamanin Musulmin Andalus, amma a yau "alcalde" magajin gari ne, ba mai shari'a ba. Kama da wane ba wane ba ne.

Babu shakka gargaɗin yana da amfani, gama kuskuren ya kan kai ga hasara mai girma. A 1980, a jihar Florida ta Amurka, aka kai wani saurayi ɗan shekara 18 asibiti a sume. Danginsa masu Sifaniyanci suka ce "intoxicado" ne, watau ya ci ko ya sha abin da ya cuce shi. Aka ɗauka "intoxicated" su ke nufi, watau ya yi maye. Aka yi masa maganin wanda ƙwaya ta yi wa yawa, alhali jini ne ke zuba cikin ƙwaƙwalwarsa. Kafin a gane, hannuwa da ƙafafu sun shanye. Har wa yau "billion" na Ingilishi miliyan dubu ne, "billón" kuwa miliyan sau miliyan. Mai fassarar da ya musanya su ya riɓanya lissafi sau dubu.

Amma fa jerin yana da aibi uku. Na farko, ya kan yanke hukunci dungum inda ya kamata a rarrabe. Sau da yawa a kan gaya wa ɗalibi "asistir" halarta ne, ba taimako ba kamar "assist", alhali kalmar tana ɗauke da ma'anonin duka biyu, jimla ce ke nuna wadda a ke nufi. Na biyu, ba ya kula da ƙasa. "Carro" mota ce a Meziko da Kolombiya, a Sifen kuwa keken doki ne, mota "coche" a ke ce mata.

Aibi na uku ya fi sauran nauyi. Jerin ya kan sa ɗalibi ya zaci haɗari yana wurin kamanni kaɗai, in kalmomi ba su yi kama ba sai ya saki jiki. Alhali kuwa kuskuren fassara sau da yawa daga dangin kalmomi ya ke fitowa, watau kalmomin da ma'anarsu ke maƙwabtaka, waɗanda kowane harshe ya shata musu iyaka dabam. Ingilishi yana da "wait", da "hope", da "expect", watau jira, da fata, da tsammani. Sifaniyanci ya haɗa su uku cikin "esperar". Wani wuri kuma abin ya juya. "Know" guda ɗaya ce, amma Sifaniyanci ya raba ta: "saber" sanin labari ko iya aiki, "conocer" sanin mutum ko gari. "Fish" guda ce, amma kifin da ke cikin ruwa "pez" ne, wanda aka kamo don ci "pescado". "Corner" in daga waje ne "esquina", in daga ciki ne "rincón". Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da zai shiga jerin maciya amana, tun da ba su yi kama da juna ba.

Wannan shi ne abin da Ferdinand de Saussure ya nuna cikin darussansa da aka buga a 1916, cewa darajar kalma daga maƙwabtanta ta ke samuwa. Kamar gona ce: ba a sanin faɗinta sai an ga inda ta maƙwabci ta fara. In an lura, wani lokaci Hausa ta fi kusa da Sifaniyanci bisa Ingilishi. "Dedo" yatsa ne, na hannu ko na ƙafa, inda Ingilishi ya raba "finger" da "toe". Inda kuma Ingilishi ya wadatu da "wall", Sifaniyanci yana da "pared", da "tapia", da "muralla", kusan yadda Bahaushe ke rarrabe bango, da katanga, da ganuwa. Ke nan ɗalibin da ya bi ta Ingilishi don ya isa Sifaniyanci ya kan yar da bambancin da harshensa ya riga ya ba shi.

Ba a ce a watsar da jerin ba, sai dai a san matsayinsa: ƙarin bayani ne, ba tushe ba. Abin da ya fi dacewa ga malamin kwalejin horon malamai shi ne ya koyar da kalmomi dangi-dangi, kowace cikin jimla, ya sa ɗalibai su nemo iyakar kowace da kansu, sa'an nan su gwada da ta ɗaya harshen. Wannan hanya ta fi cin lokaci bisa haddar layi biyu, kalma nan fassara can. Amma ɗalibin da aka koya wa tambayar inda ma'ana ta tsaya zai tsira daga maciya amanan da aka jera masa, da kuma waɗanda ba wanda ya taɓa jerawa.