Gwanin Cewa "Tukuna"

A watan Afrilun 2000, a birnin Rum, Ronaldo na Brazil ya dawo bugawa Inter Milan a wasansu da Lazio, bayan wata biyar yana jinyar gwiwa. Ko minti goma bai yi a fili ba, ya zo zai yanke mai tsaron baya, jijiyar da ke riƙe da ƙoƙon gwiwarsa ta dama ta tsinke, ya zube yana ihu. Da yawa suka ce sauri ne ya haifi nawa.

Nan ne gwanintar likitan gashin ƙashi take. Koci na matsa masa, ɗan wasa na rantsuwa ya warke, shi kuwa ya dubi ƙafar ya ce, "Tukuna."

Ba da ka yake faɗa ba. Zai shimfiɗa ma'auni a ƙasa, ya sa ɗan wasan ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya dira a kanta ya tsaya cak. Idonsa na kan gwiwar: in ta karkata ciki wajen dira, ko mai ita ya ɗan yamutsa fuska, ya gani. Sannan ya auna ƙarfin naman cinya a na'ura. Sai ƙafar da aka yi wa tiyata ta kai kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin lafiyayyar kafin a fara zancen fili.

Bincike ya tsaya masa. A 2016, masana daga Oslo da Delaware sun bi diddigin 'yan wasan da aka ɗinke wa jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL. Suka gano cewa kowane wata da aka ƙara jira, har zuwa wata tara bayan tiyata, yana rage haɗarin sake jin rauni da kusan rabi. A shekarar dai, asibitin Aspetar da ke Doha ya gano cewa wanda ya koma fili bai cika sharuɗɗan gwaji ba, haɗarin sake tsinkewar jijiyarsa ya ninka sau huɗu.

A karo na biyu, Ronaldo ya haƙura. Ya fi shekara yana gashi da atisaye a hannun likitan gashin ƙashinsa, Nilton Petrone. A gasar cin kofin duniya ta 2002 ya ci ƙwallo 8, biyu daga ciki a ragar Jamus ranar wasan ƙarshe. Takalmin zinare nasa ne, amma ƙafar da ta ciwo shi ta bi ta hannun Petrone.