Littafin da Mai Karatunsa Ya Kau: Nazarin Kundin Max Lock a Kan Kaduna

Kowane littafi yana da wanda aka rubuta dominsa. Kundin da Max Lock, Baturen Ingila masanin tsara birane, ya fitar a 1967 mai suna *Kaduna 1917–1967–2017* bai ɓoye nasa ba: bincike ne da tsari na babban birni, wanda aka yi wa Gwamnatin Jihar Arewa. Abin tausayi, a shekarar da ya fito mai karatun ya kau. An kashe Sardauna a Janairun 1966. Ranar 27 ga Mayun 1967 kuma Gowon ya yanka ƙasar zuwa jihohi goma sha biyu. Kaduna ta wayi gari hedikwatar jiha guda, alhali an ɗinka mata rigar Arewa baki ɗaya.

A matsayin rubutu, kundin ya cancanci yabo. Shekarun nan uku na sunansa zubin labari ne: mafari a 1917, lokacin da aka dawo da hedikwata daga Zungeru, sai tsakiya, sai ƙarshe. Lock kuma ba ya rubuta magani sai ya duba majiyyaci, don haka bincike kan mutane da gidajensu da sana'o'insu ya riga zane. Ban ga laifinsa ba don bai hango durƙushewar masaƙun Kakuri ba, ko rikicin shekarar 2000 da ya mai da kogin Kaduna iyaka tsakanin maƙwabtan jiya. Gaibu sai Allah.

Inda nake da ja shi ne hanyar da irin wannan kundi ke bi kafin ya zama abin aiki. Gwamnati ce ke ɗaukar masana, ita ke karɓar daftari, ita ke sa hannu. Amma ba ita ke gina gari kullum ba. A Unguwar Shanu, masu yanke hukuncin faɗin lungu su ne mai unguwa da dillalin fili da birkila, da magidancin da ɗansa zai yi aure, ya ga ba inda zai fitar masa da ɗaki sai a kan kwata. Kowannensu yana da hujjarsa, hujjar kuwa ba ta banza ba ce. Su ne ainihin masu aiwatar da tsarin birni, amma kundin, mai kauri da Turanci da taswirori, bai taɓa yi musu magana ba. Lock ya tambaye su, gaskiya ne. Tambayar mai tattara bayani daban, shawara da mai gida daban.

Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi a baje daftari a bainar jama'a, mai ƙorafi ya kawo ƙorafinsa kafin a amince. Tanadi ne mai kyau, sai dai takardar da aka liƙa a ofis cikin harshen da tsohuwa mai ƙosai ba ta ji, ba a ce an baje ta ba. An sake bitar tsarin a 2010, Lock ya riga ya mutu tun 1988, kuma a 2019 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar da aikin sabunta birni. Tituna sun faɗaɗa, an sake gadar Kawo. Duk da haka, mutane da yawa ba su fara sanin akwai wani tsari ba sai ranar da suka ga jan fenti a bangonsu.

Da ni ce ko ni ne mai bitar gaba, da babin Unguwar Shanu za a fara: a mai da shi Hausa, a karanta shi a rediyo da ƙofar mai unguwa, a nuna layin da za a faɗaɗa da gidajen da abin zai shafa, a rubuta ƙorafin kowa da amsar da aka ba shi, sannan a kai wa gwamna ya sa hannu.