Tatsuniyar Maraya da Labarin Ɗantata

Tun ina yaro nake jin labarin Alhaji Alhassan Ɗantata a bakin manya, kuma kullum fasalinsa ɗaya: maraya ne, ba shi da ko anini, ya yi haƙuri, Allah Ya buɗa masa. Da na fara nazarin adabin baka sai na lura cewa ai wannan shi ne ginin tatsuniyar maraya ko ta 'yar bora. Abin da nake suka ke nan, wato yadda muke ɗauko tarihi mu ƙera shi da siffar tatsuniya.

Babu mai musun maraicinsa. An haife shi a Bebeji a 1877, mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta tafi Ankara, babban birnin Gana a yau. Wata baiwa mai suna Tata ita ta rene shi, har sunanta ya bi shi. Amma mai ba da labari yakan tsallake cewa uban nan, Abdullahi, madugu ne daga cikin Agalawa, waɗanda suka san hanyar Gwanja da fataucin goro tun kaka da kakanni. Ashe ko yaron bai gaji dukiya ba, ya gaji suna da amana da sanin hanya, waɗanda a wurin falke sun fi jari.

Haka kuma ba a cika faɗin cewa jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka shiga neman gyaɗa ruwa a jallo ba. Balle manoman da suka noma ta, su kam ba su da gurbi a labarin. Irin wannan kwaskwarima ake yi wa tattaɓa-kunnensa, Aliko Ɗangote, alhali kuwa da rancen da ya samu a cikin dangi ya fara kasuwanci.

Ban rage wa Ɗantata ƙwazonsa ba, domin kuwa Agalawa da yawa sun ga jirgin nan, shi ne ya yi musu zarra. Tsorona shi ne ɗan talaka ya ji tatsuniyar, ya gwada, ya kasa, ya ɗauka lalacinsa ne. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, in za mu rubuta tarihin manya, mu ambaci su Tata, mu nuna wanda ya riƙe tsani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.