Bindigar Ƙanƙara da Kayan Haɗinta: Nazari a kan Gaskiya cikin Wasan Raya Tarihi

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani nau'in wasan kwaikwayo wanda ba a ɗakin wasa ake yin sa ba, a filin daga ake yi. Mutane kan sa kayan sojan da, su riƙi irin makamansu, su maimaita wani yaƙi a gaban 'yan kallo. Ƙungiyar Brigade of the American Revolution, alal misali, tun 1962 take wannan aiki, kuma a 2015 dubban mutane sun taru a Beljiyam suka maimaita yaƙin Watalu na 1815. Babban makamin wannan wasa shi ne bindigar ƙanƙara, watau wadda kunamarta ke riƙe da ƙanƙara, ta ƙyasta ƙarfe, tartsatsi ya faɗa cikin ɗan kaskon albarushi, wuta ta bi kafa ta shiga cikin bututu.

Wannan maƙala za ta dubi kayan da ake haɗa wa irin wannan bindiga. Ra'ayinmu shi ne, gaskiyar wasan a cikin ƙananan kayan nan take, kuma abin da masu wasan suka fi jin kunyarsa ya fi abin da suke alfahari da shi gaskiya.

2.0 Kayan da Tarihi ya Wajabta

Bindigar sojan Ingila da ake kira Brown Bess ba iri ɗaya ba ce. Ta farko, wadda ta fito a wajen 1722, bututunta inci 46 ne. Wadda ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1760 inci 42 ce, ta Indiya kuwa, wadda aka yi yaƙin Watalu da ita, inci 39. Ke nan tun kafin a ɗaura mata komai, bindiga ta riga ta faɗi shekararta, kuma duk abin da aka haɗa mata, ko dai ya gaskata wannan shekara ko ya ƙaryata ta.

Mu ɗauki sandar ɗuri. Ta itace ce a bindigogin farko, sai a tsakiyar ƙarni na 18 ta ƙarfe ta maye gurbinta. Haka banati: na Ingila zura shi ake yi a bakin bindiga a murɗa, alhali bindigar Faransa ta 1777 tana da zoben da ke kulle shi. Maratayin sojan Ingila na fata ne da ake farantawa da farar ƙasa. Akwai kuma ɗan tsinke da ɗan buroshi da soja ke ratayawa don share kafa da kasko.

Amma ƙanƙarar kanta ita ce ta fi koyar da darasi. Baƙar ƙanƙarar garin Brandon na Ingila ita ce 'yan wasa da yawa suke saye, domin ta yi suna. Sai dai sana'ar fasa ƙanƙarar bindiga ba ta kafu a Brandon ba sai a wajen 1790. A zamanin yaƙin neman 'yancin Amurka, 1775 zuwa 1783, ƙanƙarar Faransa mai launin zuma ta yaɗu ƙwarai, tare da wata ta Ingila mai tsohon salon fasawa. Saboda haka wanda ya fito a matsayin sojan 1776 da ƙanƙarar Brandon a bakin kunama ya yi abin da manazartan adabi ke kira saɓanin zamani, kamar marubucin da ya sa agogon hannu a wuyan hannun Bayajidda. Ɗan dutse ne da bai fi kan babban yatsa ba, amma ya isa ya rushe shekara goma sha huɗu.

3.0 Kayan da Tsaro ya Wajabta

Kashi na biyu shi ne wanda masu wasan kan yi wa kallon aibi. Yawancin ƙungiyoyi suna tilasta a ɗaura wani ɗan shinge na tagulla a gefen kasko, don kada wutar da ke fita ta kafa ta ƙone fuskar wanda ke tsaye a dama. Suna kuma tilasta ɗan kube na fata a kan ƙarfen ƙyastu don kada bindiga ta tashi ba shiri. Kuben nan yana da asali, domin an ambace shi a cikin umarnin sojan Ingila na ƙarni na 18. Shingen tagulla kuwa sojan wancan zamani bai saba da shi ba. Daɗin daɗawa, ba a sa harsashi, kuma a lokacin karawa ba a yarda a zare sandar ɗuri, don gudun a mance ta a ciki ta fita kamar mashi.

Masu tsananin bin asali suna ganin shingen nan tabo ne. Mu a ganinmu shi ne wuri ɗaya da wasan ya amsa sunansa. Yana bayyane, kowa na ganin sa, kuma yana shaida wa ɗan kallo cewa nan ba wanda ya zo mutuwa. Matsayinsa ɗaya da “ga ta nan, ga ta nanku” a bakin mai tatsuniya: sanarwa ce cewa an shiga duniyar kwaikwayo. Ba a kiran mai tatsuniya maƙaryaci, domin ya faɗa tun da fari, ya kuma maimaita da “ƙurunƙus” a ƙarshe.

4.0 Tsufan Ƙarya

Inda ya kamata suka ta faɗa shi ne kashi na uku. Bindigogin kwaikwayo na yau daga masana'antu suke fitowa, kamar Pedersoli na Italiya da wasu maƙera a Indiya, kuma suna zuwa da rubutun zamani a jikin bututu. Akwai al'adar goge wannan rubutu da sake shafen ƙotar. Gyara siffa don ta dace da ta asali ba laifi ba ne. Amma wasu kan wuce nan, su dusashe ƙarfe, su ƙuje itace, su baƙanta maratayi, wai don bindiga ta yi kama da ta da.

A nan akwai kuskuren tunani. Bindigar da ke gidan tarihi ta tsufa ne domin ta shekara fiye da 200. A hannun sojan da ya riƙe ta, ba ta tsufa haka ba, kuma sojan Ingila goge bututunsa yake yi da garin bulo har ya yi ƙyalli. Mai tsufar da bindigarsa da gangan ba zamanin da yake kwaikwaya ba, gidan tarihi yake kwaikwaya. Ya ba ɗan kallo abin da yake tsammanin gani maimakon abin da ya faru, kuma ya ɓoye hannunsa. Wannan shi ne bambancinsa da shingen tagulla.

5.0 Abin da ya Shafe Mu

Wannan bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Yarjejeniyar Birasels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin yawancin Afirka, ta bar ta ƙanƙara, kuma Brandon ta ci gaba da aiko da ƙanƙara Afirka har cikin ƙarni na 20. 'Yan bindigar da ke buga bindigar toka a hawan Sallah ba kwaikwayon wani suke yi ba, gado suke riƙe da shi, shi ya sa ba wanda ke tambayar su shekarar maratayinsu.

Amma masu shirya fim da wasan kwaikwayo na tarihi dole a tambaye su. Wanda ya ba dakaren Sarauniya Amina bindigar da aka ƙera jiya, ko ya shafa wa takobi tsatsa don ya nuna zamanin Shehu, ya faɗa ramin da muka bayyana a sama.

6.0 Kammalawa

Ma'aunin da muke ba da shawara a kansa tambayoyi biyu ne. Na farko, wannan abu ya dace da shekarar da ake nunawa? Na biyu, in bai dace ba, an bayyana ko an ɓoye? Aikin da ke gaban ɗalibanmu kuwa shi ne su je wurin maƙera da mafarauta da 'yan bindigar fada su tattara sunayen sassan bindigar toka da kayan haɗinta, garin da garin, tun masu sanin suna raye.